HAZON HUNTURU: ANA GANINSA DAGA SAMA TUN KAFIN YA ISO KUTA

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san irin safiyar nan ta watan Disamba ko Janairu da akan wayi gari a tarar sama ta yi fari fat, rana ta fito kamar farin wata, leɓe ya tsattsage, wankin da aka shanya ya bushe kafin a waiwaya. Ran nan masu gari sukan shiga neman rigunan sanyi, mu kuwa sai mu yi dariya mu ce gida ne ya aiko da gaisuwa.

To, 'yan'uwa, wannan gaisuwa doguwar tafiya take yi kafin ta same ku. Sai ta ratsa Barno da Kano, ta biyo ta Zariya da Kaduna, ta sauka kan Kuta da Minna, ta haye kogin Kwara, sa'an nan ta gangara bakin teku. A da ba mai sanin ranar zuwanta sai an gan ta a ƙofar ɗaki. Yanzu kuwa akwai taurarin ɗan Adam a sararin samaniya da ke ganin ƙurar tun daga safiyar da ta tashi a hamadar ƙasar Cadi, suna bin ta kamar yadda makiyayi ke bin garke, har ta faɗa teku. Abin tambaya shi ne, shin wannan labari yana isa kunnen mutanen da hazon ke cutarwa? Don neman amsa na ɗauki garin Kuta ta Jihar Neja misali, saboda tana kan hanyar iskar sosai, tsakanin bakin hamada da bakin teku.

KUTA A CIKIN HUNTURU

Kuta ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro, arewa maso gabas da Minna, idan an bi ta Gwada. Tsohon gari ne na Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, ko da yake akwai Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu da suka daɗe a wurin. Ƙasar doya ce, duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Mil 12 ta Ikko ko Bodija ta Badun ya san doyar Gwari. Ba nisa da garin akwai madatsar ruwa ta Shiroro a kan kogin Kaduna, wadda ta soma aiki a 1990, mai ƙarfin ba da wutar lantarki megawat 600.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wata shekarar har cikin Maris, iskar arewa maso gabas ce ke mulkin wannan yanki. Idan hazo ya yi kauri, duwatsun da ake hangowa daga nesa da damina sai su ɓace ɓat. Mai kwalekwalen da ke kai mutane kasuwar Zumba a kan tafkin Shiroro ba ya hangen gaɓa. Direban da ya yi lodin doya zuwa Kurmi yakan kunna fitila da rana tsaka. A gidaje kuwa sai tari da mura da ciwon ido, masu ciwon fuka, watau asma, su kwana a zaune.

Daɗin daɗawa, tun wajen shekarar 2020 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga ƙauyukan Shiroro, da yawa daga cikinsu suka fake a makarantun firamare na Kuta da Gwada. Wanda ya bar ɗakinsa da rumbunsa ya koma kwana a aji tare da mutane barkatai, ga yara ga tsofaffi, shi ne hunturu ya fi yi wa illa. Irin waɗannan bayin Allah su ne suka fi kowa bukatar a gaya musu ranar da ƙura za ta sauko.

INDA ƘURAR KE TASOWA

Iska iri biyu ke kokawa a kan Nijeriya shekara da shekaru: iskar teku mai ɗauke da ruwa, da iskar hamada busasshiya. Layin da suke haɗuwa yakan hau arewa da damina har ya wuce Agadas, da hunturu kuma ya gangaro kudu har kusa da bakin teku. Shi ya sa Kuta kan yi watanni a ƙarƙashin iskar hamada, amma Ikko da Fatakwal ba sa ganin hazo sai a ranakun da iskar ta yi ƙarfin tura layin har ya kai gare su.

Mafi yawan ƙurar da iskar ke kawo mana daga wuri guda take fitowa, wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Cadi, kudu da garin Faya. Daga can zuwa Kuta kusan kilomita 1,500 ne. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, tafkin Cadi ƙaton ruwa ne wanda faɗinsa ya kai kimanin rabin Arewacin Nijeriya, kuma Bodele ce wurin da ya fi zurfi a cikinsa. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar wata farar ƙasa marar nauyi kamar alli, wadda asalinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya iya gani. Ga kuma manyan duwatsu biyu, Tibesti da Enedi, da suka sa wurin a tsakiya. Iskar da ta taso daga arewa maso gabas sai ta matse a tsakaninsu, ta fito da ƙarfi kamar iskar zuga-zugin maƙeri, ta daki farar ƙasar nan ta yi sama da ita.

A shekarar 2005 wata tawagar masana daga jami'o'in Ingila, cikinsu har da Okusfod, suka je suka kafa tanti a Bodele da na'urorinsu. Sun tabbatar da cewa iskar takan taru a sama cikin dare, idan rana ta fito ƙasa ta soma ɗumi sai ta sauko, ƙura ta tashi da hantsi. Ana ƙiyasta cewa haka na faruwa wajen kwana 100 a shekara, galibi da hunturu.

Gaskiya tsofaffin ma'aikatan duba yanayi na ƙasar nan ba su jahilci wannan ba. Tun zamanin Turawa sukan saurari rahoton da ake bugowa daga Faya da Bilma, idan an ce ƙura ta tashi can, sai su sa ran ganinta a Kano bayan kamar kwana guda. Amma ji suke yi kawai, ba su taɓa ganin girmanta da hanyarta ba. Gani kuwa ya kori ji.

YADDA TAURARI KE GANINTA

Amurka ce ta fara harba tauraron duba yanayi a 1960. A 1977 ƙasashen Turai suka harba nasu mai suna Meteosat, wanda jikokinsa ke aiki har yau. Ana ajiye shi ne a nisan kilomita kusan 36,000 a saman tekun da ke kudu da ƙasar Gana, yana juyawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum idonsa na kan Afirka, kamar mai gadi a kan hasumiya. Samfurin da aka soma harbawa a 2002 yana ɗaukar hoto duk bayan minti 15, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuwa duk bayan minti 10. Ba da hasken rana kaɗai yake gani ba, yana auna zafin da ke fitowa daga ƙasa da abin da ke cikin iska, don haka ko da tsakar dare yana ganin ƙura. A cikin hoton da masana suka tsara, ƙura takan fito da launi irin na jan goro. Idan aka jera hotunan ɗaya bayan ɗaya kamar majigi, sai ka ga jan goron nan ya ɓullo daga Bodele, ya bazu kan Barno, ya nufo kudu maso yamma.

Akwai kuma taurarin da ke shawagi kusa da ƙasa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba Terra a Disamba 1999, da Aqua a Mayu 2002, a nisan kilomita 700 da 'yan kai. Kowannensu na ɗauke da na'urar ɗaukar hoto mai suna MODIS, wadda ke share faɗin fiye da kilomita 2,300 a wucewa ɗaya. An tsara Terra ya riƙa giftawa wajen ƙarfe goma da rabi na safe, Aqua kuma wajen ɗaya da rabi na rana. Wannan tazara ta awa uku ta yi amfani ƙwarai. A 2004 wasu masana na NASA suka gwama hoton safe da na rana, suka auna nisan da goshin ƙurar Bodele ya ci, suka tarar tana gudun kusan kilomita 47 a awa. Kowa ya yi lissafi zai ga cewa ƙurar da ta tashi da hantsin Litinin tana iya kwana a Kuta ran Talata ko Laraba, ta ƙarasa Ikko bayan haka. Watau akwai kwana ɗaya zuwa biyu na gargaɗi ga mutumin Kuta, ga mutumin Kurmi kuwa har fiye.

Wani tauraron, CALIPSO, na haɗin gwiwar Amurka da Faransa, ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023. Shi kuwa wani siririn haske yake harbowa ƙasa kamar tocila, ya auna abin da ya dawo, ta haka ya san tsayin da ƙura take a sama da kaurinta. Da bayanansa ne NASA ta sanar a 2015 cewa ƙurar Sahara tan miliyan 182 ke barin gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, kuma tan miliyan 27.7 daga ciki kan sauka a dajin Amazon na Amurka ta Kudu, ta zama taki ga itatuwansa. Idan da a tirela mai ɗaukar tan 30 za a yi jigilar wadda ke sauka Amazon kaɗai, sai an nemi fiye da tirela 900,000. Ikon Allah ke nan. Mu ma nan gida ƙurar tana ƙara wa gonakinmu ƙarfi, don haka ba sharri ce zalla ba.

HAYAƘIN DA MU MUKA TAYAR

Wani abin da taurarin suka tona, wanda ba kowa ke son ji ba, shi ne ba duk hazon ne ya zo daga hamada ba. Akwai namu na gida. Na'urar MODIS da ƙanwarta VIIRS, wadda aka fara harbawa a 2011, suna gane wuta ta wurin zafinta, kuma NASA tana sa ɗigon ja a taswira a duk inda aka ga gobarar daji. Wanda ya duba taswirar Afirka ta Yamma a watan Disamba ko Janairu zai ga jan ɗigo ya yi ɗamara tun daga Gini, ya bi ta arewacin Gana da Binin, ya ratsa jihohin Neja da Kaduna da Nasarawa da Binuwai, ya wuce Kamaru. Ƙasar Kuta tana cikin wannan ɗamara.

Dalilan cinna wa daji wuta ba ɓoyayyu ba ne. Mafarauci na neman gafiya da zomo, makiyayi na son sabuwar ciyawa ta tsiro, manomi na sharar gonar doya, mai gawayi na ƙona itacen da za a loda wa motocin birni. A watannin Janairu da Fabrairu na 2006, masana daga Ingila suka kawo jirgin sama na bincike suka sauke shi a Yamai, suna tashi suna ratsa hazon. Sun tarar ƙurar hamada tana ƙasa ƙasa, hayaƙin gobarar daji kuma ya yi mata rumfa a sama, wani wurin su cakuɗe. Ashe abin da muke shaƙa gauraye ne, rabon hamada da rabon ashanarmu.

Ku ma mazauna Kurmi kuna da naku. Tun ƙarshen shekarar 2016 mutanen Fatakwal suka soma wayar gari da baƙin ƙunar hayaƙi a kan motoci da gadaje da tafin ƙafar yara, abin da aka danganta da tace man fetur ta haramtacciyar hanya a cikin fadamu da ƙone wuraren da jami'an tsaro kan yi. Wutar iskar gas da kamfanonin mai ke ƙonawa dare da rana ita ma VIIRS na ganinta cikin dare, kuma da wannan ne hukumar NOSDRA ta Gwamnatin Tarayya ke lissafin yawan gas ɗin da ake ƙonawa. Tauraron Turai mai suna Sentinel-5P, wanda aka harba a Oktoba 2017, yana auna irin gubar da ke fita daga salansar mota da janareto da masana'antu, kuma a hotunansa Ikko takan fito a fili kamar tabo a farar riga. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Anacha a kan gaba cikin biranen da ta samu rahotonsu wajen yawan ƙura a iska, Kaduna da Aba da Umuahiya ma suna cikin jerin. Idan hazon Arewa ya sauko ya tarar da wannan hayaƙi, sai abin ya zama biyu.

ABIN DA HAZO KE CI

Hazo yana cin dukiya, yana cin rai. Dattawa ba su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. A tsakiyar hunturu abin ya faru, bayan rashin kyawun yanayi ya hana jirgin zuwa Ikko inda ya nufa. A Fabrairu 2020 kuma hazo ya haɗu da matsalar na'urorin sauka a filin jirgin saman Ikko, aka yi kwanaki ana karkatar da manyan jirage zuwa Akra ta ƙasar Gana, fasinjoji suka yi ta watangaririya.

Amma ɓarnar da ta fi girma a cikin ƙirji take. Likitoci sun fi jin tsoron ƙwayoyin ƙura ƙanana ƙwarai da suke kira PM2.5, waɗanda sai an jera kamar 30 kafin su kai kaurin gashin kai guda. Gashin hanci ba ya tare su, sukan wuce har cikin huhu, wasu su shiga jini. Wani rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 a Ikko a shekarar 2018 kaɗai, kuma kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2020 masana na Jami'ar Stanford ta Amurka suka haɗa hotunan ƙurar Bodele da bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya a ƙasashen Afirka. Sun gano cewa a Afirka ta Yamma, idan ƙurar shekara ta ƙaru da kamar kashi 25 cikin 100, mutuwar jarirai kan ƙaru da kashi 18 cikin 100. Abin ya dame su har suka yi lissafin ko za a iya jiƙa ƙasar Bodele da ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar famfo mai aiki da hasken rana.

Sai kuma sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bi daga numfashin wani zuwa wani, musamman a ɗakin da aka cunkushe. Amma bushewar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa cutar ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa annobar ke tashi bayan hunturu ya yi nisa, ta yi tsanani da bazara, ta kwanta da saukar ruwan sama. A 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A annobar da ta faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017, an samu rahoton fiye da mutum 14,000, fiye da 1,100 suka rasu, kuma Jihar Neja tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Saboda wannan dangantaka ne cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, da ke Yamai, take duba ƙura da bushewar iska tana fitar da taswirar wuraren da ya kamata ma'aikatan lafiya su yi shirin sanƙarau.

Rashin sani ma cuta ne. A watan Maris na 2010 wani hazo mai kauri ya rufe ƙasar nan bayan kowa ya ɗauka hunturu ya wuce. Nan da nan jita-jita ta bazu ta wayar hannu cewa ruwan guba zai sauko daga sama, mutane suka firgita, alhali kuwa hotunan taurari sun nuna ƙurar Sahara ce kamar kullum, ta dai makara ne.

ABIN DA TAURARO BA YA GANI

Kada mai karatu ya ɗauka an gama magana. Tauraro daga sama yake leƙowa, abin da yake aunawa shi ne jimlar ƙurar da ke tsakaninsa da ƙasa. Bai san nawa ne daga ciki ke daidai hancin yaron da ke wasa a ƙofar gida a Kuta ba, nawa ne kuma ke can sama da kilomita biyu ko uku. Gajimare kan tare masa gani, abin da ya fi yawa a Kurmi. Wutar da aka cinna da magariba ta mutu kafin ya gifta takan kuɓuce masa. Hayaƙin murhun da ke cikin madafa, wanda mata da goyonsu ke shaƙa safe da yamma, ba ya ganinsa sam. Haka nan ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya, irin wadda ta hallaka yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, maƙwabciyar Shiroro, a 2015, ba tauraron da ya hango ta.

Saboda haka dole sai da ma'auni a ƙasa, wanda za a riƙa gwada maganar tauraro da shi. A filayen jirgin sama, har da na Minna, ma'aikatan yanayi suna da alamomin da suka san nisansu, wani gini ko dutse ko hasumiya, su duba wanne ake iya gani wanne ya ɓace, su rubuta nisan gani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A Jami'ar Ilori kuwa tun 1998 akwai wata na'ura da ke kallon rana tana auna yawan hasken da ƙura ta tare, tana cikin jerin irinta da NASA ke kula da su a duniya. Da yawa daga cikin binciken da aka yi kan hazon Nijeriya da ita aka dogara. To, amma daga Ilori zuwa Kuta kusan kilomita 300 ne. Ƙasa mai girman Nijeriya tana bukatar irin waɗannan ma'aunai da yawa, ga shi kuwa yanzu akwai ƙanana masu araha da za a iya kafawa a asibiti ko makaranta ko sakatariyar ƙaramar hukuma.

SAURAN AIKI

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, tana da cibiyar nazarin hotunan taurari a Jos. Ta harba NigeriaSat-1 daga ƙasar Rasha a Satumba 2003, ta ƙara wasu biyu a Agusta 2011, ko da yake waɗannan an ƙera su ne don duba ƙasa da gonaki da ambaliya. Hukumar duba yanayi, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana karɓar hotunan Meteosat, kuma da hunturu takan fitar da hasashen kwana uku, ta faɗi jihohin da hazo zai rufe da nisan da ido zai iya gani, ta gargaɗi masu ciwon ƙirji da kamfanonin jiragen sama. Hasashenta na shekara ma ana fassara shi da Hausa. A Minna kanta akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, inda ake koyar da nazarin yanayi da karatun hotunan taurari.

Ashe ke nan ilmin yana nan. Matuƙin jirgin sama yana samun labarin hazo kafin ya tashi, domin doka ta tilasta a ba shi. Wanda ya rage shi ne matuƙin kwalekwale, da ungozoma, da malamin makarantar allo, da uwar da ke da jariri a sansanin gudun hijira. Maƙwabtanmu sun nuna hanya. A 2018 ƙasar Burkina Faso, tare da cibiyar hasashen ƙura da ke Barsalona ta ƙasar Sifen, ta soma fitar da taswira mai launi, kowane lardi da launinsa gwargwadon ƙurar da ake sa ran zuwanta, yadda ko wanda bai yi boko ba zai gane. Ba abin da zai hana a yi wa ƙananan hukumomin Jihar Neja irin wannan, gidajen rediyo na Minna da Kaduna su riƙa karanta shi kowace safiya da Hausa da Gwaranci da Nufanci, kamar yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure da farashin kasuwa. Hakimai da dagatai kuma su sa baki a kan cinna wa daji wuta, domin wannan kason na hazon a hannunmu yake.

Kafin hukuma ta motsa, ku 'yan'uwa da ke Kurmi kuna da rawar takawa. Yawancinku kuna da waya mai intanet, kuma hasashen NiMet da hotunan NASA kyauta ne ga kowa. Wanda bai iya dubawa ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya duba masa. Idan kun ga an ce ƙura ta taso, to ku tuna za ta riga isa gida kafin ta zo muku. Yadda kuke bugawa ku tambayi lafiyar Inna da Baba da kuɗin cefane, ku ƙara da cewa hazo na tafe. A tsare jarirai da tsofaffi a ɗaki ranar da ya yi kauri. Mai fita ya rufe hanci da baki da takunkumi ko rawani ko mayafi, ko bai tare duka ba yana ragewa. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. Mai ciwon fuka ya ajiye maganinsa kusa. Kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka toshe ko'ina don jin ɗumi, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an farga ba. Direba ya rage gudu, mai kwalekwale ya jira gari ya washe. Idan an zo allurar rigakafin sanƙarau a kai yara, ga shi ma a 2024 Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta soma amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar. Wanda kuma aka ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya sun kama shi, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ba mai ikon tsayar da iskar Bodele sai wanda Ya halicce ta. Amma tun da Allah Ya ba ɗan Adam basirar ganinta kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso, bai kamata a bar mutanen Kuta da na sauran garuruwanmu su riƙa jin labarinta daga tarin 'ya'yansu ba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya, amin.